Bernice da Ɗinkin Kujerar Baya

Shekara ashirin da shida shagona na faci yana jingine da garejin Bernice Nowicki a Hamtramck, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ni taya nake yi, ita kujerun mota. In kekenta na ɗinki ya tashi har a tafin ƙafata nake jin sa. In injin iskata ya tashi ita ma tana ji, sai ta buga bangon da ƙotar almakashi ta ce, "Wendell, kashe abin nan, waya nake yi!"

A unguwar aka haife ta a 1950, layi biyu daga inda garejin yake. Iyayenta 'yan Poland ne, uban yana aikin narkar da ƙarfe, uwar tana share coci. Tana da shekara goma sha tara ta shiga wata masana'anta a nan Hamtramck da ke ɗinka rigunan kujeru tana kai wa masu ƙera motoci. Mata kusan ɗari biyu ne a zaure ɗaya, kowacce da kekenta da tulin baƙar leda a gefenta. Da zafi ledar ta riƙa manne wa mutum a hannu, da sanyi ta sandare sai an ɗora ta a kan bututun ɗumama ɗaki kafin allura ta shige ta. Bernice ta yi shekara goma sha ɗaya a layin kujerar baya.

Lokacin ne masu ƙera motoci suka gane cewa saurayin da ya fara aiki jiya yana son gudu amma aljihunsa bai kai na babbar mota ba. Sai suka ɗauki mafi arhar jikin da suke da shi, suka cusa masa ƙaton inji, suka shafa masa fenti mai ɗaukar ido, suka ja masa zane a gefe. Duster, Nova, Dart da ire-irensu. Babu na'urar sanyi, babu wani ado a ciki, kujerar ma sau da yawa benci ne kawai. Irin waɗannan kujerun Bernice ta yi ta ɗinkawa tun safe har yamma. Mijinta Chet, wanda suka yi aure a 1971, yana da Duster koriya. Ya sayar da ita bayan shekara uku, lokacin da ake dogon layin mai, ga kuma 'yarsu Patty ta zo duniya. Chet ya yi ta maganar motar har ya mutu. Bernice kuwa, duk sanda aka tambaye ta, cewa take, "Mota ce mai kai mutum wurin aiki da wuri don ya tsaya a waje yana jiran a buɗe ƙofa."

An rufe masana'antar a 1980. Da aka yi gwanjon kayan ciki ta sayi keke ɗaya, ƙannenta biyu suka ɗauko mata shi a bayan akori-kura suka sauke a garejin. Daga nan ta ci gaba da abin da ta iya. Bencin gidajen abinci, matashin durƙuso na coci, kujerar aski, kujerun kwalekwalen masu kamun kifi. Na zo na same ta a kan wannan aikin a 1993. Doguwa ce, siririya, tabarau a rataye a wuya, tef ɗin awo a aljihun gaba. Ba ta da yawan magana da safe. In ta sayo paczki, fanken nan mai jam a ciki, takan ajiye mini ɗaya a kan tulin taya ta wuce.

Chet ya rasu a 1998. 'Yan shekaru bayan haka masu furfura suka fara zuwa.

Da farko ɗaya ne a wata, daga baya biyu a mako. Maza ne da suka haura hamsin, 'ya'ya sun girma, an gama biyan gida, sai su tuna motar da suke leƙe ta taga suna yara. Manyan motocin wancan zamani sun riga sun shige hannun attajirai, an kulle su a ɗakunan ajiya, ba mai tuƙa su. Sai aka juyo kan masu arhar, waɗanda aka yi wa talaka. Su ma ba su rage da yawa ba, don gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya cinye yawancinsu, samari sun ƙarasa sauran a jikin bishiyoyi da turakun lantarki. Wanda ya samo ɗaya a bayan gidan wata tsohuwa ko a rumbun gona, sai ya kai inji wurin makanike, jiki wurin mai fenti, kujeru kuma wurin Bernice. Wani ya gaya wa wani cewa akwai wata mata a Hamtramck da ta ɗinka su tun asali.

Ita ba ta canza komai ba. Ba ta sa allo a ƙofa ba, ba ta daina karɓar kujerar aski ba. Mai mota ya zo yana ba ta tarihin yadda wansa ya taɓa tsere wa ɗan sanda a irinta, ita tana farke tsohuwar ledar tana cewa, "Uhm. Ɓera ya yi gida a soson nan, ka sani ko?"

Likita Garrett Voss ya zo a farkon 2011. Likitan haƙori ne daga Grosse Pointe, unguwar masu kuɗi, mai tsabta, mai magana a hankali kamar kullum yana lallashin mara lafiya. Ya samo Duster ta 1970 a wani rumbu a Indiana, ruwan lemo, kaji sun shekara talatin suna kwana a kanta. Ya kawo kujerun a bayan motar ɗaukar kaya, shi da kansa ya sauke, da safar hannu.

"Madam Nowicki, ina son su koma yadda suka fito daga masana'anta," in ji shi. "Ba mafi kyau ba. Daidai yadda suka fito."

"To ai sai na yi sauri na yi su ina jin haushin wani," in ji Bernice.

Bai gane wasa take ba, ya ce duk yadda ta ga ya dace.

Ni ne na tambaye shi, da yake ya shigo shagona duba tayoyi, me mutum irinsa zai yi da motar 'yan ƙwadago alhali zai iya sayen sabuwa da ta fi ta gudu. Ya ce mahaifinsa direban bas ne. Akwai wani maƙwabcinsu mai irin wannan motar, ran Asabar yakan buɗe bonet ya bar yaran layin su leƙa. "Komai a fili yake, Wendell. Ka ga inji, ka ga inda mai ke shiga, ka ga inda wuta ke fita. Da sifana huɗu za ka kwance rabinta. Tawa ta yanzu in ta yi tari sai an jona mata kwamfuta." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma in na tayar da ita, maƙwabtana duka sai sun san na tayar."

Bernice ta yi mako uku a kan kujerun. Ya zo ya ɗauka, ya shafa, ya sunkuya ya shinshina ledar, ya yi godiya ya tafi.

Masu tara irin waɗannan motoci suna da ƙungiya, kuma duk bazara suna taruwa a wani fili a Ohio. Ana jera motoci ɗaruruwa a kan ciyawa, alƙalai su bi su ɗaya bayan ɗaya da fitilar hannu da ɗan madubi, suna duba ko kowane ƙusa na asali ne. Suna da littafin da suke bi. Duk abin da ya saɓa wa littafin, a rage maki.

Ran Litinin bayan taron farko, Likita ya dawo. Ina jin su ta bango, daga baya na fito na tsaya a ƙofa.

"An rage mini maki huɗu," ya ce, takarda a hannunsa. "Kujerar baya. Littafi ya ce ɗinki shida a kowane inci. Alƙali ya sa awo ya ƙirga, naki biyar ne."

"Biyar ne," in ji Bernice. Ba ta ɗago daga keken ba.

"Kin sani kenan?"

"Ni na sa shi biyar. Ka ce yadda suka fito."

"Amma littafi..."

"Wa ya rubuta littafin?"

"Merle Hutchins. Shekara talatin yana bincike a kan motocin nan."

"Ya taɓa zama a kan keke?"

Likita ya ce bai sani ba, amma yana jin a ofishin inshora mutumin ya yi aiki.

Sai ta kashe keken ta juyo. Ta ce a takardar masana'anta shida aka rubuta, gaskiya ne. Kujerar gaba kuwa shida ake yi, don ita mai duba aiki yake ɗagawa. Amma kowace mace akwai adadin da za ta cika kafin a tashi, kuma ba mai cika shi da ɗinki shida. Da zarar shugaban layi ya wuce da safe, sai kowa ta murɗa ɗan maɓallin tsawon ɗinki da ke jikin kekenta ta mayar biyar. Ba wanda yake leƙa kujerar baya. "Samarin da suka sayi motocin ma, in sun koma baya ba ƙirgan ɗinki ke kai su ba."

Likita ya yi dariyar da bai shirya ba, ya dawo ya tsuke fuska. Ya ce shi ya yarda, amma makinsa fa? Ta ce in yana so ta farke ta mayar masa shida, kwana biyu ne, sai dai ya sani ƙarya zai riƙa yawo da ita a bayan motarsa. Ya tsaya yana juya takardar. A ƙarshe ya ce kada ta taɓa, amma akwai wani taron wata Asabar a watan Agusta, yana roƙon ta zo ta faɗa wa Merle da bakinta.

"Ran Asabar nake wanki," in ji ta.

Sau uku ya dawo kafin ta yarda, kuma da sharaɗin ni zan tuƙa ta, don ba ta shiga motar da ba ta da na'urar sanyi a watan Agusta.

Mun isa filin wajen ƙarfe goma na safe. Rana ta buɗe, ƙamshin mai da na naman gashi sun cika wurin, ga motoci ja da kore da ruwan ɗorawa har iyakar gani. Tsofaffi a kujerun naɗewa, kowa a gefen motarsa da tsumma a hannu. Bernice ta bi ta tsakiyarsu da jakarta a hammata kamar mai neman layin kayan miya a kasuwa. Sau ɗaya ta tsaya ta leƙa wata Dart ta ce, "Wannan ɗinkin ya yi kyau da yawa. Bai taɓa ganin Hamtramck ba."

Merle Hutchins gajere ne mai tumbi, da hular rana da biro uku a aljihu. Likita ya gabatar da su. Merle ya saurare ta cikin ladabi har ta gama, sannan ya ce, "Madam, ina girmama aikinki. Amma ina da kwafin takardar masana'anta a gida. Shida ta ce."

"Ni ma ina da takardar aurena a gida," in ji Bernice. "Ta ce zan yi wa Chet biyayya."

Mutanen da suka fara taruwa suka fashe da dariya. Merle bai yi ba. Ya ce shi ba ya aiki da labari, da hujja yake aiki.

"To mu je mu ƙirga," ta ce. "Ba ku da waɗanda ba a taɓa farke su ba?"

Akwai su. A can gefen filin ake jera motocin da ba a sake musu komai ba tun fitowarsu, fenti ya koɗe, leda ta tsage, kuma masu su sun fi kowa alfahari. Duster uku ne a ciki na shekarun da Bernice ke layin. Muka nufi can, mutum wajen ashirin a bayanmu. Merle ya nemi izinin mai ta farko, ya durƙusa da ƙyar, ya sa awo a ɗinkin kujerar baya, ya ƙirga da bakin biro. Ya sake ƙirgawa a wani wurin.

"Biyar," ya ce.

Ta biyu ma biyar. Zufa ta jiƙa masa bayan riga. A ta ukun ya daɗe a durƙushe, sannan ya miƙe yana haki ya ce, "Wannan shida ne. Ga shi, kowa ya zo ya gani."

Bernice ta sa tabarau ta sunkuya. Ta bi ɗinkin da farce har kusurwa.

"Stella ce," ta ce. "Stella Baran. Ita kaɗai ce ba ta taɓa murɗa maɓallin ba. Kullum ita ce ta ƙarshen tashi, kuma ba ta da ƙawa ko ɗaya a zauren."

"Ta yaya za ki san hannunta bayan shekara arba'in?" in ji Merle.

"Dubi kusurwa. Sau biyu take komawa baya ta ƙulle. Mu sau ɗaya muke yi. Shekara shida tana gefena, na gaji da ganin sa."

Mai motar, wani dogo daga Kentucky, ya ce a maimaita masa sunan, ya rubuta a bayan katin motarsa. Ya tambaya ko Stella tana raye. Bernice ta ce ta rasu tun tuni, ciwon suga.

Likita ya matso ya tambayi Merle zancen makinsa. Merle ya goge wuya da hankici ya ce littafin bana shi ne littafin bana, ba a sauya doka a tsakiyar fili, maki huɗu suna nan yadda suke. Likita ya buɗe baki zai yi magana, Bernice ta riga shi: "Wendell, muje. Ƙafata ta fara kumbura." A hanya ta ci burodi da naman da ta ƙunso daga gida, ta yi barci daga Toledo har gida.

Da ganye ya fara zuba sai ga Merle a ƙofar garejin, da littafin rubutu da kwalin kek. Ya yi tuƙin awa huɗu. Yamma uku a jere yana zaune a kan kujerar askin wani, yana tambaya tana amsawa tana aiki. Wane zare, wace allura, wa ke yanka leda, me ake yi in baƙar ta ƙare a tsakiyar rana. Wasu ta tuna, wasu ta ce masa, "Ban sani ba, Mista Hutchins, aiki na je yi, ban san za a yi mini jarrabawa ba." Ina jin shi yana cewa wani abin da ta faɗa ya saɓa wa abin da ya rubuta a shafi kaza, ita kuma tana cewa to ya gyara shafin.

Littafin da ya fito a shekara ta gaba yana da ɗan ƙarin bayani a ƙasan wani shafi: a kujerar baya, biyar ko shida duk an karɓa. An sa sunanta a cikin waɗanda aka gode wa, an rubuta shi ba daidai ba. Merle ya aiko mata da kwafi. Ta duba shafin, ta ajiye littafin a kan kanta tare da na lambobin waya. Likita ya koma Ohio a wannan bazarar ya zo na biyu. Wannan karon wani ɗan ƙarfen ɗaure tiyo ne aka ce ba na shekarar ba ne.

Abin da ya biyo baya shi ne kowa ya koma son biyar. Mutum ya kawo kujera daga Texas ko Kanada ya ce shi "na gaskiyar" yake so, irin na matan layi. Wani ma ya roƙe ta ta sa hannu a ƙarƙashin ledar da alli. Ta sa masa, ta caje shi daidai da kowa. Da ya tafi ta leƙo shagona ta ce, "Wendell, ka ji fa. Abin da da an kama mu muna yi za a kore mu, yau shi ake layi a kai." Ta koma ciki ta ci gaba da bencin wani gidan shan kofi da aka kawo tun makon jiya.

Aiki ya yi mata yawa a shekarun nan, har ta riƙa mayar da mutane. Ba ta ɗauki kowa aiki ba, ta ce ba ta da haƙurin koyarwa. Wajen 2017 yatsunta suka fara ƙin lanƙwasa da safe. Takan zauna ta riƙe kofin shayi mai zafi na rabin awa kafin ta iya zura zare. Ta rage zuwa kujera ɗaya a wata, daga baya ta daina karɓar leda mai kauri gaba ɗaya. A 2019 ta rufe. Keken ta sayar wa Rokeya, wata 'yar Bangladesh mai ɗinkin labule a layin bayanmu, bayan ta sa ta zauna ta yi ɗinki a gabanta ta ga hannunta. Wasu daga cikin masu motocin sun so su saya su ajiye a ɗakin nuni, ta ce keke na aiki ne.

Yanzu tana Grand Rapids wurin Patty. Na je gaishe ta bara, na same ta a teburin kicin tana karta da surukinta. Ta rame kaɗan, bakin yana nan. Muna cikin hira wayar gidan ta yi ƙara, Patty ta ɗauka ta miƙo mata ta ce wani ne daga Sweden, ya ce ya samo lambar a wurin ƙungiya. Bernice ta saƙale wayar a kafaɗa, katunanta a hannu. Mutumin ya daɗe yana bayani. Yana son ya san launin zaren da ake sa wa kujera baƙa a watan Maris na 1971, don wani ya ce masa akwai mai ɗan toka-toka.

"Baƙi," in ji Bernice. "A'a, baƙi. Duk baƙi ne. To, ka gaida gida."

Ta miƙa wa Patty wayar, ta dubi surukinta ta ce, "Kai ne za ka ja kati."